Na biya an yi wa fefata ribiyu kafin in kai jonal, tauraro uku na ba su

Tun watan jiya nake cewa zan rubuta wannan ribiyu ɗin, sai yau Allah ya yi. Kamfanin da zan yi magana a kai irin waɗannan ne da suke cewa ka turo musu fefar bincikenka kafin ka kai ta jonal, wato mujallar da ke buga binciken masana, su ba wa masana biyu na fanninka su karanta, su zaƙulo maka duk abin da masu bitar jonal za su iya kama ka da shi, wato dai jarabawar gwaji kafin ta gaske. Ba zan kama sunansu ba, don akwai ƙorafi a maganar kuma ni ba ni da ƙarfin shari'a da kowa, sannan irinsu sun yi yawa a intanet kuma kusan tsari ɗaya suke bi, in ka ga ɗaya ka ga saura.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Yadda aka yi na zaɓe su shi ne na shiga wani shafi da kwastomomi ke ba kamfanoni maki, na ga suna da tauraro 4.8 cikin biyar, ga kwament rututu kowa na sambarka, wannan ya ce sun ceci digirinsa wancan ya ce jonal ta karɓi fefarsa ba ko gyara, shi ke nan na ciro kati na biya. Ni fa da bakina nake koya wa ɗalibai cewa in waɗanda suka amsa tambayoyinka su suka kawo kansu, to sakamakonka ya karkace tun daga tushe, amma da na ga taurari sun jeru rawaya shar sai duk karatun ya gudu. Cinikin biri a sama na yi, ba wani suna da zan sa masa.

Kuma ba ni kaɗai taurari suke ja ba. Wani malami a Harvard, Michael Luca, ya taɓa bin diddigin gidajen abinci a Yelp, shafin da kwastomomi ke ba wuraren kasuwanci maki, ya gano ƙarin tauraro ɗaya kacal yana ɗaga cinikin gida da kashi 5 zuwa 9 cikin ɗari. To abin da yake kawo kuɗi haka ai dole a samu masu ƙera shi. Amazon tun 1995 suka buɗe wa kwastoma ƙofa ya rubuta ra'ayinsa a ƙarƙashin kaya, lokacin ma wasu gani suke wauta ce ka bar mutum ya kushe abin da kake sayarwa a cikin shagonka, amma abin ya karɓu har ya zama yanzu ba mai sayen ko cajar waya bai leƙa ƙasa ya ga me mutane suka ce ba. Daga baya 'yan kasuwa suka gane hanya, a ba ka kaya kyauta ka rubuta yabo, har sai da Amazon ɗin suka hana wannan a 2016 in ban da ta tsarinsu na Vine, inda su da kansu suke zaɓar masu sharhin, a 2022 kuma suka maka masu kula da guruf sama da 10,000 na Facebook a kotu saboda dillancin ribiyun ƙarya. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na Oobah Butler, ɗan jaridar nan da ya yi wa rumfar bayan gidansa rajista a TripAdvisor, shafin da ake ba otal da gidajen abinci maki, a matsayin gidan abinci, The Shed at Dulwich, abokansa suka dinga zuba yabo, a 2017 wurin ya zama na ɗaya a duk Landan alhali bai taɓa sayar wa kowa ko loma ɗaya ba. Duk na san waɗannan labaran fa kafin in danna biya. Sani daban, aiki da shi daban.

To mu koma kan aikin nasu. Shafin nasu gaskiya ba laifi, ba ya wahalar da mutum. Ka buɗe akawun, ka loda fayil, ka zaɓi fanni, ka rubuta jonal ɗin da kake hari in kana da ita, sai su tambaye ka ko akwai wani ɓangare da kake so a fi matsa wa. Ni na ce a duba min lissafin da kuma yadda na tattauna sakamakon, don nan nake jin ƙafata ba ta taka ƙasa sosai ba. Binciken nawa a kan barcin ɗalibai ne da yawan danna waya da dare, takardar tambayoyi muka raba aka cike. Sun yi alkawarin kwana goma na aiki, rahoton ya zo a na sha biyu, kuma tun kafin in yi cigiya su suka fara turo imel suna ba da haƙuri, wannan na yaba musu. Akwai yarjejeniyar sirri da suka sa hannu cewa ba za su nuna wa kowa aikin ba sai masu bitar. Mai amsa saƙo a cat ɗinsu ma mutum ne, ba irin na'urar nan da za ka yi ta tambaya tana maimaita maka abu ɗaya ba. Kuɗin dai ba kaɗan ba ne, sai da na yi kwana biyu ina juya abin a raina.

Rahoto biyu suka zo cikin fayil ɗaya. Na farko shafi huɗu ne cif, kuma tun layin farko na san wannan ya karanta. Bai ɓata lokaci wajen kirari ba, jimla biyu ya yi ya faɗi abin da ya fahimta fefar take son cewa, kuma ya faɗe shi fiye da yadda ni na faɗa a taƙaitawata, sannan ya shiga aiki. Kowane ƙorafi da lambar shafi da lambar layi. Ya ce a sashen hanyar bincike na rubuta mutum 412 ne suka amsa, amma in ka tara lambobin tebur na uku 398 suke bayarwa, ina sauran 14 suka shiga, in cire su aka yi a faɗi dalili, in kuma kuskure ne a gyara. Wallahi sai da na ajiye kwamfutar na ɗauko kalkuleta na tara da hannuna, sau biyu, 398. Mu uku muka rubuta fefar nan, kowannenmu ya karanta ta ya fi sau biyar, ba wanda ya taɓa tara wannan layin. Ashe waɗanda ba su cike shafin ƙarshe ba ne manhajar ta zubar da su shiru, mu kuma muka kwafo teburin muka manna.

Bai tsaya nan ba. Ya bi duk inda na rubuta cewa danna waya yana "jawo" rashin barci ya ja layi, wuri bakwai, ya ce ku da kuka tambayi kowane mutum sau ɗaya kawai ta ina kuka san wanne ya riga wanne, ai yana yiwuwa wanda barci ya ƙi zuwar masa ne yake ɗaukar waya don ya rage dare. Ya tambayi ko takardar tambayoyin da muka fassara an sake mayar da ita harshen asali an gwada an ga ma'anar ba ta zame ba. Sannan ya zo kan sakin layi biyu na gabatarwa waɗanda na fi ji da su a duk fefar, na kwana biyu ina goge su ina gyarawa, ya ce suna da daɗin karatu amma ba abin da suke ɗauke da shi, a cire. Ranar haushinsa na kwana da shi, har na ce wa abokin aikina wannan mutumin ko gaisuwa bai iya ba. Shi kuma ya karɓa ya karanta, ya ɗago ya ce, Malam, ai wannan shi ne kuɗinka, sauran duk rakiya ce. Washegari na cire sakin layin, fefar ta fi kyau, ba yadda na iya.

Sai rahoto na biyu. Shafi ɗaya da rabi. Ya buɗe da cewa wannan bincike ne mai muhimmanci da ya zo a kan gaɓa, marubutan sun yi ƙoƙari matuƙa, rubutun yana tafiya sumul. Na ji daɗi na minti ɗaya. Daga nan sai shawarwari, a ƙara sababbin madogara, a faɗaɗa tattaunawa, a inganta ingancin hotuna, a yi bayanin gazawar binciken. Gazawar binciken fa, alhali akwai sashe guda sukutum mai wannan sunan a shafi na 17. Babu lambar shafi ko ɗaya, babu lambar layi, kalmar barci ma sau biyu ta fito a duk rahoton. Za ka iya ɗaukar wannan takardar ka liƙa ta a kan fefar kimiyyar ƙasa ko ta tarihi ta zauna daram. Irin kwament ɗin nan ne sak da kake gani a ƙarƙashin kaya a shagon intanet, "kaya masu kyau, sun zo da wuri, ina ba kowa shawara ya saya", wanda ko na blanda ne ko na takalmi duk ɗaya.

Abin da ya ƙarasa ɓata min rai, ya ba ni sunayen fefa uku wai in kafa hujja da su. Biyu na same su, ba su da wata alaƙa ta kusa da aikina amma dai suna nan. Ta ukun na neme ta a Google Scholar, na neme ta a PubMed, duk rumbunan neman fefofi ne, na shiga shafin jonal ɗin da aka ce a ciki ta fito na buɗe fitowar wannan shekarar ɗaya bayan ɗaya, babu ita babu dalilinta. Ba zan rantse cewa AI ne ya rubuta rahoton ba tunda ban ga lokacin da ake yi ba, amma ruwa ba ya tsami banza, kuma ƙirƙiro madogarar da ba ta wanzu ba hali ne da aka san waɗannan manhajojin da shi. Matsalar ma ta wuce kamfani ɗaya. Hukumar NIH mai ba da tallafin binciken lafiya a Amurka tun 2023 ta hana masu bitar takardun neman tallafi su loda su a irin su ChatGPT, saboda sirri. A 2025 kuma aka bankaɗo wasu fefofi a arXiv, shafin da ake ɗora fefa kafin jonal ta buga ta, da marubutansu suka ɓoye umarni da farin rubutu a kan farin shafi, ido ba ya gani amma na'ura tana karantawa, wai in AI ne ke bitar to ya faɗi alheri kawai. Kun ga inda aka kai, marubuci ya san mai bita ba zai karanta ba, shi ma ya shirya masa tarko.

Na rubuta musu ƙorafi, na haɗa da hoton shafi na 17 da sunan fefar da ba ta wanzu ba. A nan ma zan yi musu adalci, ba su yi musu ba, cikin kwana biyu suka ce za su ba wani ya sake dubawa kyauta. Amma da na tambaya wane ne ya yi na farkon, ko aƙalla a nuna min jerin abin da ya wallafa a cire sunan, sai suka ce tsarinsu bai yarda ba. Abin da kawai ake gaya maka shi ne mai digirin digirgir ne, ya shekara kaza a fanni. To wa ya tabbatar? A shagon intanet ko ba komai akwai ɗan tambarin nan da ke nuna mai sharhin ya sayi kayan da gaske, duk da shi ma ana yi masa dabara. A jonal kuma ko da ni ban san mai bita ba, edita ya san shi, shi ya zaɓo shi, kuma in ya yi aikin banza edita zai daina tura masa. A nan kuwa daga ni sai maganar kamfani. Rahoton da aka sake yi ya zo bayan mako guda, tsaka-tsaki ne, ya karanta dai, ya kama wasu ƙananan abubuwa a teburori da wani gwajin lissafi da ya ce bai dace da irin bayanan ba, amma bai kamo ƙafar na farko ba.

Wannan abin ya sa na zauna ina tunanin wa mai bita yake yi wa aiki. Wanda jonal ta tura wa fefa ba ni nake biyansa ba, galibi ma ba mai biyansa, edita yake yi wa bayani, don haka bai damu ko na ji daɗi ko ban ji ba. Wani lissafi da Balazs Aczel da abokan aikinsa suka fitar a 2021 ya nuna a shekarar 2020 kaɗai masu bita sun kashe sama da awa miliyan 100 a wannan aikin, kusan duk a kyauta, su kuma manyan kamfanonin ɗab'i suna sayar da jonal ɗin da tsada, wannan wata rigimar ce ta daban. Amma a kamfanin da na je ni ne kwastoma, ni za a tambaya ko na gamsu, kuma kowa ya san wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hanya mafi sauƙi ta gamsar da marubuci ita ce ka ce masa aikinsa ya yi kyau. Mai bita na biyu wannan hanyar ya bi. Na farkon shi ne ya yi abin da bai zama dole ya yi ba, ya ɓata min rai da kuɗina, kuma ina zargin irinsa ne suke samun ƙaramin maki daga kwastomomi.

Kar kuma wani ya ɗauka ina cewa bitar jonal wankakkiya ce. Mutanen BMJ, jonal ɗin likitanci ta Birtaniya, sun taɓa yin gwaji, suka dasa manyan kurakurai tara da gangan a cikin fefa suka tura wa ɗaruruwan masu bita, a matsakaici kowa bai wuce uku ya gano ba. A 2013 John Bohannon ya haɗa fefar bogi mai kurakuran da ɗalibin aji ɗaya zai gani, ya tura wa jonal 304, guda 157 suka karɓa. A 2017 kamfanin ɗab'i na Springer suka janye fefa 107 a tashi ɗaya daga jonal ɗin Tumor Biology saboda bitar ƙarya, dabarar kuwa mai sauƙi ce, jonal ta ce ka kawo sunan wanda kake ganin zai iya bitar aikinka, sai a ba da sunan masani na gaske amma da adireshin imel na bogi, fefar ta zagayo ta dawo hannun masu ita ko dillalansu su yaba wa kansu. Meye bambancin wannan da mai shago da ya buɗe akawun goma yana ba kansa tauraro biyar? A 2023 fefofin da aka janye a duniya sun haura 10,000, mafi yawansu daga Hindawi, kamfanin ɗab'in da Wiley ta saya. To ba wai can aljanna ba ce.

Amma duk da haka in aka dace da mai bita na ƙwarai ba abin da ya kai shi. Labarin da nake yawan ba ɗalibaina shi ne na Einstein a 1936, lokacin da shi da Nathan Rosen suka tura wa Physical Review fefa suna cewa igiyoyin nan na maganaɗisun nauyi, waɗanda ake cewa suna ratsa sararin samaniya, babu su. Edita ya tura wa mai bita, mai bita ya dawo da sharhi mai tsawo yana nuna inda lissafin ya kauce. Einstein ya fusata, ya ce shi bai ba da izinin a nuna wa kowa aikinsa kafin a buga ba, ya janye fefar. Daga baya ta tabbata mai bitar, Howard Robertson, shi ne da gaskiya, kuma da fefar ta fito a wata jonal a 1937 sakamakon ya juya. Igiyoyin kuwa an kama su da na'ura a 2015. In Einstein zai ji haushin mai bita kuma ya zama shi ne bai da gaskiya, ni wane ne da zan riƙe mutum a zuciya don ya ce in cire sakin layi biyu.

To na gyara fefar na tura jonal, wadda ita ma ba zan faɗi sunanta ba. Wata huɗu shiru, kullum in buɗe shafin in ga "ana bita", har na daina buɗewa. Da amsa ta zo, gyara mai yawa suka ce, ba kora ba, alhamdulillahi. Ba wanda ya yi maganar tebur na uku ko kalmar "jawo" tunda an riga an share su, kuma na tabbata da suna nan da sun zama sandar dukana. Mai bita na biyu na jonal ɗin, kamar yadda aka saba ba'a da Ribiyuwa 2 a duk duniya, ya zo da nasa salon, ya jero fefa biyar ya ce lallai sai na kafa hujja da su, na duba na ga duk biyar ɗin akwai sunan mutum ɗaya a ciki, ka ga an gane mai shi ba sai an faɗa ba. Amma kuma shi ɗin dai, wannan mai son a ambace shi, shi ne ya kama abin da duk mutum ukun da na biya ba su gani ba. Ya duba watannin da muka raba takardun ya ce wannan ai ya yi kama da lokacin jarabawa, ɗalibi a lokacin jarabawa dama ba ya barci, waya ko ba waya. Gaskiyarsa ce, rabin bayanan a makon jarabawa aka tara su. Na riƙe kai na fi minti goma. Wannan ba a gyara shi da canza kalma, sai da muka raba bayanan gida biyu muka sake lissafi, kuma alaƙar da muke taƙama da ita ta ragu sosai, tana nan dai amma ba kamar da ba.

Saboda haka in wani ya ce maka in ka biya irin wannan kamfanin jonal ba za ta sami abin cewa ba, zuƙi ta malle ce. Su kansu a ƙananan rubutun da ke ƙasan shafi sun faɗa cewa ba su ba da tabbacin karɓa ba, a tallan ne kawai ake sa hoton mutum yana dariya da wasiƙar karɓa a hannu.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan dogon zancen. Bayan an rufe aikina da kamar mako biyu sai ga imel daga kamfanin, wai ra'ayina yana da muhimmanci a gare su, in na ba su maki za su yi min ragi a aiki na gaba. Na danna. Shafin da ya buɗe tambaya ɗaya ce, fuska mai murmushi da fuska mai ɗaure, ka gamsu ko ba ka gamsu ba. Na danna mai ɗaurewar, sai ya kai ni wani fom na cikin gida, rubuta damuwarka za mu tuntuɓe ka, ba mai gani sai su. Sai wani abu ya ɗarsu a raina, na koma baya na sake buɗe imel ɗin na danna mai murmushin. Kai tsaye ya wulla ni wancan shafin na jama'a inda na fara ganinsu, har an riga an haska min taurari biyar, saura in danna tura. Na yi dariya ni kaɗai a ofis. Ashe ga inda 4.8 ɗin take fitowa. Ba lallai ma a ce ribiyun ƙarya suke saya ba, mutanen da suka yabe su wataƙila duk na gaske ne, kawai an tsaya a bakin ƙofa ne ana tacewa, mai murna a nuna masa dandali, mai fushi a ja shi lungu. Google sun hana irin wannan tacewar a dokokin sharhinsu, kuma dokar da hukumar FTC mai kare masu saye a Amurka ta fitar a 2024 ta haramta saye da sayar da ribiyun bogi da kuma ba da lada bisa sharaɗin sai an yi yabo, da tarar da za ta iya haura dala 50,000 a kan kowane laifi. Su kuwa kamfanin da na je sun yi wayo ba su rubuta "sai ka ba da biyar" ba, sun dai gyara hanyar yadda mai biyar ɗin ne kawai zai iso.

Da na koma shafin na jama'a da idon da ya waye, sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na tsallake masu biyar da masu ɗaya na nemo masu uku da masu biyu. Ba su da yawa, amma kusan duk abu ɗaya suke faɗa, mai bita ɗaya ya yi aiki ɗaya ya yi ha'inci. Yana nan a rubuce tun kafin in biya, shafi na shida ko na bakwai, inda ba mai zuwa. Masu tauraro ɗaya yawanci wanda jonal ta kora ne ya zo huce haushi, masu biyar kuma da yawa sun rubuta ne ranar da rahoto ya iso, kafin ma su tura wa jonal su ga ko ya yi amfani, kamar mai yabon takalmi tun yana cikin kwali.

Wa zan ce ya je wurinsu? In kai sabon shiga ne, ba ka da wani babba a kusa da zai zauna ya yi wa aikinka karatun tsanaki, ko kuma duk na kusa da kai kunyarka suke ji ba za su iya ce maka wannan sashen shirme ba ne, to zai iya yi maka rana, da sharaɗin ka shiga da sanin cewa caca ce, kuma in aka ba ka rahoton da babu lambar shafi a ciki kar ka karɓa, ka mayar musu, suna sakewa. Duk madogarar da suka ba ka ka neme ta da kanka kafin ka saka. In kuwa kana da abokin aiki mai baƙin jini irin wanda ba ya raga wa kowa a semina, riƙe kuɗinka ka kai masa, ko ka ɗora fefar a arXiv ko medRxiv ko wanda ya dace da fanninka ka ga me za a ce, in fanninku da jonal ɗin da kake hari sun yarda da haka.

Tauraro uku na ba su. Biyu na mai bita na farko ne, wanda har yau ban san ko namiji ne ko mace ba kuma da zan samu adireshinsa da na aika masa godiya, ɗaya kuma na masu amsa saƙo da suka sake min aiki ba gardama. Ban bi ta imel ɗin ba, kai tsaye na shiga shafin na rubuta, na faɗi maganar fuskoki biyun ma. Bayan awa uku suka amsa a ƙasa, suna godiya da wannan kyakkyawan sharhi kuma suna farin cikin jin cewa na gamsu da aikinsu. Ragin dai har yanzu ban gan shi ba, gyararriyar fefar kuma ranar Litinin zan mayar wa edita.